Ranar da Injin Dashe Ya Ƙi Tumatirina

Ina da 'yar gona a bayan Jikwoyi, wadda nake leƙawa duk ƙarshen mako in na samu kaina daga ofis. Shekara da shekaru wata dattijuwa 'yar unguwar ce ke tara mata su yi mini dashen tumatir. Sai wani abokin aikina ya nuna mini injin dashe a wayarsa: tarakta na ja, shi kuma yana cafko tsiro yana kafawa. Ni da rawar kai a kan abin zamani, nan take na kama hayarsa, na aika wa dattijuwar cewa bana ta huta.

Ranar Asabar da sassafe na sa aka tuge irin gaba ɗaya daga inda na yafa shi, aka rufe da jiƙaƙƙun buhuna, yadda na saba gani tun ina yaro.

Mai injin ya iso da hantsi. Ya ɗaga buhu, ya dubi saiwoyin tsirara, ya dube ni. Ya ce injinsa ba ya karɓar irin da aka tuge, sai wanda aka rena a tiren roba, kowane tsiro da curin ƙasarsa. Na yi ta roƙo har ya gwada. Tsiro biyar injin ya kama, duk ya kakkarya su.

Irin da aka tuge ba ya jira, ga rana sai ƙara zafi take. Ina ɗaga buhu, ina ganin ganyen na langaɓewa.

Na ja mota zuwa gidan dattijuwar, kunya kamar ta kashe ni. Matan duk sun tafi aiki wata gona, tunda ni na sallame su. Ita kaɗai na tarar.

"Oga, injin ɗinka ya gaji ne?" ta ce, tana neman takalminta.

Bayan la'asar muka duƙa, ita layi, ni layi. A ranar na gane ban taɓa dasa ko tsiro ɗaya da hannuna ba, kullum ina tsaye ne a inuwa ina nuni da yatsa. Har magariba ko rabi ba mu ci ba, sauran suka mutu a ƙarƙashin buhu.

Kwana uku ina ofis, ba na gane abin da nake karantawa. Da na koma gonar, layukanta duk sun miƙe. A nawa, ko ɗaya bai tashi ba.