Ranar da Na Kashe wa Surukina Fanka

Na sha yawo, daga Agadas har Kwatano, amma ban taɓa tafka rashin kunya irin wadda na yi a falona na unguwar Tirwun ba. Kuma ko yau aka maimaita, zan sake.

Lokacin bazara ne, taransifomar unguwarmu ta ƙone. Abin da ya rage mana batirin inbata guda mai ajiye mana wuta, an rubuta masa 200 ɓaro-ɓaro a jiki. Shi ke riƙe da firij, a cikin firij kuwa akwai allurar ciwon sukari ta Inna, mahaifiyata. Likita ya ce in ta sha zafi ta lalace.

Ni na san halin lambar nan. Ƙarfin batir take nunawa, amma da ɗan ƙaramin kaya ake auna ta, ana tsotsar wutar a hankali. Ka jibga wa batir kaya, ba ya bin lissafinka, zubewa yake yi. Kamar tirela ce da lodi a hawa: man da ka ce zai kai ka Jos, tun a Toro zai ƙare.

Sai ga surukina, mahaifin maiɗakina, da rana tsaka, da abokansa. A garin nan ba a barin suruki cikin gumi. Maiɗakina ta kunna fankoki da talabijin, baƙi suka jona wayoyi. Can sai inbata ta fara tsuwa.

Na tashi na kashe komai, na bar firij.

"Kai, lafiya?" in ji surukina.

"Lafiya lau, Baba. Batir ne ya gaji."

"Ɗari biyu na gani a jikinsa. Nawa ɗari ne, yana yini da fanka."

"Naka fanka ɗaya yake ja, Baba. Nawa taron dangi aka yi masa."

Wani abokinsa ya ce, "Yaran zamani!" Ni da furfurata. Na miƙa wa kowa mafici.

Maiɗakina ta harare ni daga bakin ƙofa. "Malam, Baba ne fa."

Na ce, "Na gan shi. Inna ma tana ɗaki."

Ba su jira abinci ba. Batir kuwa ya lallaɓa da firij har na samo aron janareta, allurar Inna ba ta rasa sanyinta ba.

Har yau in na je gaishe shi, sai ya sa a kashe fanka. Nakan zauna in yi gumina, mu yi hira. Haƙuri dai ban bayar ba.