Ranar da Aka Shafa Kanta

Shekarar da baƙin nan suka zo Dakoro, ni na kai kaina na ce zan yi musu tafinta kyauta. Ana hutun lakwal, wato makarantar boko, ni kuma malami ne, mushe kamar yadda ake ce mana, mai son a san ya iya Faransanci. Su huɗu ne, Musulmi daga wata ƙasa mai nisa, sun zo da kayan karatu, sun sayi awaki domin marayu. Tambayarsu ta farko ita ce ina gidan marayu yake. Na yi dariya na ce mu nan ba mu gina wa maraya gida, dangi ne gidansa. Ransu bai so ba, don sun yi doguwar tafiya ne su shafa kan maraya su samu lada. Sai na bugi ƙirji na ce zan tara musu.

Na zaɓi wani ƙauye wajen Bader Goula inda na taɓa koyarwa, na zauna na rubuta sunaye ni kaɗai, ban shawarci kowa ba. A ciki na sa ɗiyar wani aminina manomi, mai shekara tara. Uwarta ta rasu wurin haihuwarta, ubanta ya bi hanyar Agadas, sai labarin rasuwarsa ya dawo. Wan uban, wato aminin nawa, ya ɗauke ta tana jaririya, matarsa ta shayar da ita. Duk garin an sani, kuma duk garin an kame baki, don haka ake yi. Ita dai Baba da Inna ta sani. Ni ma na san wannan sarai, amma akuya na hango mata, na ce ai alheri ne.

Ranar Juma'a muka isa. Baƙin suka bi salla a masallacin ƙasa, sahu ya fito har waje kan rairayi mai zafi. Babbansu goshinsa ya yi ja, yana ta hawaye, wai bai taɓa jin daɗin salla haka ba. Aminina na gefena kafaɗa da kafaɗa. Muka gaisa bayan sallama, ban ce masa komai ba, wai ni zan ba shi mamaki.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin gawo. Babban baƙin ya yi jawabi ina fassarawa da ƙarfi, cewa duk wanda za a kira yau ba shi da uba, Allah ne gatansa. Na fara kira. Da na zo kan ɗiyar aminina tana cikin 'yan kallo, goye da ƙanwarta. Ta fito tana murmushi, ta zaci kyautar ƙoƙarin lakwal ce. Baƙon ya ɗora hannu a kan kitsonta yana addu'a.

Ta dube ni ta ce, "Mushe, ni hwa babana na nan, ga shi can."

Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, kuma yarinyar ta gan ta. Baƙon ya tambaye ni me ta ce, na ce godiya take yi.

Muna shirin shiga mota aminina ya zo ya danƙa min igiyar akuyar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mushe, mi na yi maka? Shekara tara garin ga duka na riƙe min maganar ga. Tahi da abinka."

Baƙin sun koma ƙasarsu da hotuna suna sa min albarka. Ni kuwa har yau in na tuna sai in ji na tsani kaina.

Bara na gamu da ita a kasuwar Dakoro, ta zama budurwa. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi. Na ce, "Ina babanki, yana lahiya?"

Ta ce, "Baffa na nan lahiya lau, Mushe."