Rufin Gidana

Yayana kafinta ne, kuma ya fi shekara goma sha biyar yana shan wiwi. Kowa a gidanmu ya sani ban da Inna, mahaifiyarmu. In na yi masa faɗa sai ya yi dariya, wai shi ba irin 'yan tasha ba ne, ya san awonsa: naɗi ɗaya da safe, zuƙa kaɗan ya ji ta hau, ya kashe sauran. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya yake faɗa. Ban taɓa ganin ya yi tangaɗi ba, kuma har daga Dambam ake zuwa ɗaukarsa buga kwano.

Tari ne ya matsa masa, likita ya hana shi hayaƙi. Wani abokinsa ya ba shi shawara ya riƙa dafa ganyen a shayi da madara, tunda ba hayaƙi ba ne. Ranar da ya fara gwadawa ita ce ranar da zai rufa mini gidan da na gina a Azare.

A gabana ya dafa, bayan sallar asuba, ya zuba daidai abin da ya saba naɗawa. Ya sha, ya jira kamar minti goma, ya ce wannan ruwan banza ne. Hayaƙi ya saba da shi, wanda yake ba da labarinsa nan take. Bai san ta ciki sai ta ɗauki lokaci kafin ta iso ba, kuma in ta iso ba a kashe ta kamar sigari. Ni ma ban sani ba. Ya ƙara ganye ya sake dafawa, har sau biyu. Na ce ya isa haka.

"Kai malamin makaranta, me ka sani a wannan harka?" in ji shi.

Da hantsi yana can saman katako sai na ji guduma ta yi shiru. Na ɗaga kai na gan shi a tsugune, ya rungume katako da hannu biyu, yana haɗa gumi. Na kira shi, ya ce ƙasa tana gudu, kada na bari ta tafi. Kafin na jingina tsani ya miƙe tsaye, sai ya faɗo.

Ƙashin bayansa ne ya karye. Shekara uku ke nan ƙafafunsa ba sa motsi. Wani ne ya ƙarasa rufin, kuma har yau ba na son kallonsa.

Inna ta ɗauka iska ce ko hannun maƙiya, don ɗanta bai taɓa faɗowa ba. Duk Juma'a in na je gaishe ta sai ta ce, "Kai da kake wurin, me ka gani?"

"Ƙafarsa ce ta zame, Inna," nake cewa. Shi kuma yana kwance a ɗaki, yana jina.