Yaya Habu, Mai Tsorata Gari

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Habu. Masu sauraron rediyo a gida sun san shi da labaran ban tsoro da waƙoƙin mutuwa da ake karantawa duk yammacin Laraba. Ni kuwa ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma wanda na sani malamin firamare ne mai sanyin hali, wanda ko kaza ba ya iya yankawa. In Inna ta miƙa masa wuƙa sai ya tuna ana jiransa a waje.

Babu dodo mai ƙaho a labaransa. Tsohon soro ne da aka daɗe da rufewa, ko rijiyar da ake jin tari a cikinta, ko mai haƙa kabari da ya fara gane muryoyin waɗanda ya binne. Dattawan unguwa sun sha yi masa faɗa, wai yana tono abin da ya fi ƙarfinsa. Amma in lokacin shirin ya yi, su ne a gindin rediyo.

Da na samu aikin jinya a nan Riyad, matarsa Yaya Rabi ta damƙa mini littattafansa shida na rubutun hannu, yawanci da ajami, don gara ta fara cin bangon ɗaya. A filin jirgin Sarki Khalid ma'aikacin kwastan ya buɗe su. Ya ga haruffan da ya sani amma ba ya gane abin da suke faɗa, ga kuma zanen kaburbura a gefen shafi. Ya kira wani dattijo shugabansa, na ji sun ambaci sihiri. Ko iƙama, wato takardar izinin zama, ban samu ba tukuna, kuma na san ba a mayar wa mutum irin waɗannan takardu. Da ɗan Larabcin islamiyyata na ce ɗan'uwana ne, mawaƙi, ya rasu. Dattijon ya buɗe wani shafi ya ce in karanta. Waƙa ce a kan mutumin da ya dawo daga binne mahaifiyarsa ya tarar da ɗumi a tabarmarta. Na karanta masa. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya saurara har ƙarshe, ya rufe littafin ya miƙo mini, ya ce, "Allah yarhamu."

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga garin nan. Ana rushe gidajen ƙasa, gilashi na tashi a gurbinsu, ko'ina fitila. Ina jin zai fara cewa fatalwa ba ta da wurin zama, kwana biyu kuma ya rubuta labari a kan lif ɗin asibitinmu. Finafinan bidiyon da yara ke kallo kuwa dariya za su ba shi, don bai taɓa yarda cewa jini ne ke tsorata mutum ba.

Ran Juma'a bayan la'asar, a gidanmu na unguwar Nasiriya, nakan karanta wa 'ya'yana labari ɗaya. Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, Zainab takan katse ni: "Umma, ya'ani mene ne soro?" Da yawa daga Hausar da suke ji yau, a bakin kawun da ba su taɓa gani ba suka tsince ta.

Sau ɗaya ya taɓa gaya mini dalilin rubutunsa, ina makarantar jinya. Yana ɗan shekara sha biyu, ni ina goye, zazzaɓi ya kwantar da shi har aka ɗauka ya cika. Yana jin komai: kukan mata, ƙarar bokitin wanka, masu shawarar inda za a haƙa. Sai da ruwa ya taɓa shi yatsansa ya motsa.

"Ba mutuwar ce ta ba ni tsoro ba, Hajara," in ji shi. "Kowa na magana a kaina, babu mai magana da ni."

An daina shirin tuni, kuma yaran yanzu ba su san sunansa ba. Ban damu ba sosai. Ni dai ba na shiga ɗakin marar lafiyar da ke cikin doguwar suma ban yi masa sallama na kira sunansa ba, ko da abokan aikina na murmushi. Watan jiya wani direba ɗan ƙasarmu ya farfaɗo bayan kwana tara. Na zo gyara masa ruwan da ake ƙara masa, ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ashe ke ce mai gaishe ni da Hausa."

Allah ya jiƙanka, Yaya.