Barewar da ke Cin Alayyahona

Tun da barewa ta fara shiga ɗan lambun da council, wato ƙaramar hukuma, ta ba ni haya a Dagenham, ban sake samun natsuwa ba. Ita ta cinye alayyaho, zomaye su ƙarasa yakuwa. Mahaifina maharbi ne a ƙauyenmu, kuma naman barewar da ake sayarwa a nan ba yankan Musulmi ba ne, sai na ƙudurta zan harbo tawa da bisimillata.

Na je shagon bindigogi a Essex, na ce wa mai shagon guda ɗaya nake so, mai araha, wadda za ta yi maganin duka biyun. Ya ce babu. Ƙaramar bindiga, mai lamba .22, harsashinta da sauƙi, amma ta zomo ce. Doka ta hana harbin barewa da ita, don sai dai ta raunata ta, ta je ta mutu a daji. Mushe ke nan, na ce a raina. Babbar kuwa, .243, in ta sami zomo ba abin da za a tsinta. Ga wahalar neman lasisi, kuma a lambun council ko danƙo ba a harbawa.

Na yi ta juya lambobin nan a jirgin ƙarƙashin ƙasa, a wurin aiki, har a kan sallaya. Wata safiya na tarar da barewar a tsakiyar kunya tana tauna, tana kallona. Ni ɗan maharbi, tafi kawai na yi mata don in kore ta. Ko motsi ba ta yi ba.