Muryar Bashir Bayan Mun Binne Shi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Bashir, kuma har yau ban sake kunna rediyo a tasi ɗina ba. In fasinja ya tambaya, sai in ce masa ta lalace.

A nan London aka haife shi, ni kuwa da wayona aka kawo ni daga Kano. Allah ya ba shi murya, tashoshin kiɗa na 'yan kasuwa suka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu kamar kwanon aro. Wannan ta ba shi shirin safe, waccan ta saye tashar ta mai da shi yamma. Wata ma ta gutsure sunansa ya koma "Bash", wai ya fi saurin faɗa tsakanin talla da talla. Ko waƙa ba shi ke zaɓa ba, na'ura ce. Ya taɓa ce mini, "Yaya, aikina cike rami ne. Babu abin da suke tsoro kamar shiru." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tasharsa ta ƙarshe ta zo da sabon salo: ya shiga ɗaki rana ɗaya ya ɗauki surutun mako guda, su riƙa sakawa kamar yana zaune a wurin. Ana cikin haka zuciyarsa ta tsaya.

Mun sallace shi a masallacin Whitechapel, muka kai shi makwancinsa. A hanyar dawowa maƙwabcinmu Alhaji Issaka, mutumin Ghana, ya kunna rediyon motarsa don jin labarin cunkoso. Sai ga Bashir yana dariya, yana tambayar mutanen gari ina za su sha iska ƙarshen mako. Ƙasar kabarinsa na manne a takalmina. Alhaji ya kashe, ya ce, "Wannan mutane, ba su da uwa ne?"

Mama na ganin ban yi tunaninta da wuri ba, kuma tana da gaskiya. Rediyon kicin ɗinta a unguwar Stratford ba ta taɓa barin tasharsa ba, lokacin shirinsa kuma rediyon ke kunna kanta. Na iske ta tsaye, muryar Bashir na tashi daga kicin, mata 'yan gaisuwa sun yi cirko-cirko. Ta ce, "Sani, je ka ce musu su bar mini yaro ya kwanta."

Na buga wa mutanen tashar waya. Sun san ya rasu, har furanni sun aiko. Wani mai taushin baki ya yi ta ba ni haƙuri, sannan ya ce an riga an yi booking ɗin shirin, wato an saka shi a jadawali har Lahadi, babu mai maye gurbi. Ya ƙara da cewa ai Bash ma haka zai so. Mutumin da bai san cikakken sunansa ba ne yake gaya mini abin da ɗan'uwana zai so. Ban zage shi ba. Na ajiye wayar, na zare rediyon daga bango, sannan Mama ta zauna.

Yanzu na ji wai na'ura ke ƙera musu murya, ba sai da mutum ba. Da Bashir na nan, na san dariya zai yi ya ce ai tun yana raye suka gama wannan aikin.

Sun manta da shi kafin furanninsu su bushe, kuma ba na jin haushin hakan. Lokacin yana raye, duk Juma'a yakan kashe wayarsa, ya zauna ƙasa kusa da Mama tana jan carbi, ba ya cewa uffan. Wannan shirun ba su ɗauka ba, bai shiga jadawalinsu ba, yana nan a gidanmu. Allah ya jiƙan Bashir, ya ba shi hutun da suka hana shi.