Ganyen Huhun Goro

A kasuwar Bab Makka da ke Jidda na gan shi, shimfiɗe a ƙarƙashin goron wata tsohuwa 'yar Nijar: ganyen da ake ɗaure huhu da shi, bai ko gama yaushi ba. Na tsuguna na ce mata ba goro nake so ba, ganyen za ta sam min. Ta yi dariya, ta tambaye ni ko akuya nake kiwo a saman bene. Ta zaro biyar ta ba ni.

A kurmi aka haife ni, a zangon fataken goro. Mu 'yan mata mu ke bin iyayenmu tsinko ganyen nan, kuma ba ko'ina yake fitowa ba. Sai an wuce gonakin koko, an shiga inda itatuwa suka haɗe kai, azahar ta koma kamar magariba, ƙafa tana nutsewa cikin ruɓaɓɓen ganye. Daga nan a gangara fadama, inda tukurwa ke tsaye cikin ruwa, kwaɗi na ta kuka. A bakin fadamar nan ganyen yake fitowa. Can tudu kuwa duwatsu ne da birai. Inda babban itace ya faɗi, rana ta samu ƙofa, malam-buɗe-littafi ya cika wurin, Subhanallah.

Mahaifiyata ta rasu a can, iƙamata, takardar izinin zama a Saudiyya, ta ƙare a lokacin, ban je ba. Maigidana haifaffen Jidda ne. Duk unguwarmu ta Nuzla ban san wanda ya taɓa taka dajin nan ba sai ni. Shi ya sa na ƙudurta 'yata za ta san shi, ko da a baki ne.

Na yayyafa wa ganyen ruwa, na rufe shi da jiƙaƙƙen buhu yadda muke yi, na jira ta dawo daga makaranta. Tana jin Hausa, amsawa ce sai da Larabci. Bayan la'asar na zaunar da ita, na ba ta ta shinshina, na ɗauko labari tun daga gonakin koko. Ta saurara, yarinya ce mai ladabi. Ina kaiwa fadama ta jawo waya, ta nemo hoton dajin wata ƙasa, ruwa na zubowa daga kan dutse.

"Zay kida, ya Ummi?" Wai kamar wannan ne?

Ba haka yake ba. Na nemi ta inda zan fara gyara mata, na rasa. Ita kuwa fuskarta ta cika da murna, a ganinta ta samo min gida.

Na ce, "Haka yake, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka."

Ta sumbaci kaina, ta tashi.